Ido Yana da Nasa Maganin

A damina ta bara ciwon ido na Apolo ya shigo unguwarmu. Kafin sati ya zagayo, na ga abin da ya tayar mini da hankali: wata maƙwabciyata ta danne ɗanta a cinya tana ɗiga masa ruwan sikari, yaron na ihu. Wani ya ce ai fitsari ya fi. Wai don a wanke idon.

Ni dai ina ganin mun raina hawaye. Mun ɗauka ruwan gishiri ne kawai, alhali suna ɗauke da dakarun da Allah Ya ajiye don tsare ido. Akwai sinadarin lisozayim, wanda ke fasa bangon bakteriya har ta fashe. Alexander Fleming ne ya bayyana shi a 1922 a Landan, shekara shida kafin ya gano fenisilin. Da majinar murarsa ya fara, daga nan ya koma matsa ɓawon lemon tsami a idon abokan aikinsa don su zubo masa hawayen gwaji. Akwai kuma laktoferin, mai kame sinadarin ƙarfe, abincin da yawancin bakteriya ba sa hayayyafa sai da shi. Sai garkuwar da likitoci ke kira IgA, wadda ke maƙale wa ƙwayar cuta ta hana ta kama jikin ido. Duk ƙiftawa ɗaya, fatar ido na sake shimfiɗa su, ta lulluɓe da ɗan maiƙo don kada iska ta busar.

To, wanda ya tuttula wani ruwa a ido, waɗannan dakarun ya kora, ya kuma shigo da baƙi. Fitsarin mai ciwon sanyi na iya huda ido cikin 'yan kwanaki. Maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya a kemis ba da umarnin likita ba, shi ma yana rage garkuwar.

Masu matsa nono a idon jariri sun fi kusa da gaskiya, don nono ma na da laktoferin da IgA. Amma jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, asibiti yake buƙata ranar, ba gobe ba.

Ɗan maƙwabciyata, da ƙyar ta yarda aka bar sikarin. Muka riƙa goge masa kwantsa da tsumma mai tsabta, aka ware masa tawul nasa, kowa na wanke hannu. Likita ya duba shi ya ce a ci gaba da haka. Ran kwana na tara ya koma islamiyya.