Hakin tabki ma yana son nomewa

Jama'a, kwanan baya na zauna da waɗansu masu garka a bakin wani tabki na ƙasar Damagaram. Sun gama ban ruwan safe, sun fake ƙarƙashin mangwaro. Wani saurayi da ya dawo ci-rani daga Lome shi ke da magana. Ya ce a teku akwai dabba mai siffar kifi wadda ta fi babbar mota tsawo, kuma tana shayar da ɗanta nono. Wani dattijo ya ce masa: "Yaro, ka rage gishiri." Kowa ya yi dariya. Amma gaskiya yaron ya faɗa.

Daga nan hira ta koma kan jatan lande, wanda ya ce mutanen bakin teku suna ci. Dattijo ya ce shi kam ko kyauta ba ya so. Sai ta koma kan aya-aya da ta hana albasa sakewa, da kacalla da ta cinye rabin tabki. Can sai dattijon ya ce jikansa ya fara fitsarin jini. Ya faɗe shi ba tare da damuwa ba. Ya ce: "Ai girma ne ya zo. Mu ma duk mun yi."

Na ce masa: "Baba, ka gafarce ni, wannan ba girma ba ne. Tsargiya ce." Abin da na gaya musu a ranar shi nake so in maimaita nan, domin jatan lande da haki da fitsarin yaron duk zance guda ne.

Ga yadda tsargiya take yaɗuwa. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen tsutsa su fita tare da fitsarin. Su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙaramar katantanwa. Bayan kamar wata guda su fito da yawa, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ido ba ya ganinsu. In babu katantanwa, ciwon ba ya iya tashi daga wani zuwa wani. Ita kuwa katantanwa cikin hakin ruwa take zama, nan take ci, nan take zuba ƙwai.

To, ina ruwan jatan lande? A ƙasar Senegal, can yamma da mu, akwai babban gulbi mai zuba cikin teku. Akwai wani irin jatan lande mai zama cikin gulbin, yana cin katantanwa. Amma ƴaƴansa ba su tashi sai inda ruwan gulbi ya gauraya da ruwan gishiri. A shekara ta 1986 aka gama ginin madatsar ruwa ta Diyama, kusa da bakin teku, don a hana ruwan gishiri hawowa gonaki. Manoman shinkafa sun samu ruwa. Sai dai hanyar jatan lande ta toshe, ya yi ƙaranci. Ruwa ya kwanta, kacalla da sauran haki suka bazu, katantanwa ta yawaita. A shekara ta 1988 tsargiya ta hanji ta ɓarke a garin Rishar-Tol, ta kama mutane masu yawan gaske.

A wannan yanki ne masu bincike suka yi wani gwaji da ƙauyuka 16, aka bayyana sakamakonsa a shekara ta 2023. A rabin ƙauyukan an riƙa kwashe hakin da ke nutse cikin ruwa a mashigai, inda mata ke wanki, yara ke wanka. Yaran waɗannan ƙauyuka sun fi na sauran tsira daga sake kamuwa da tsargiyar hanji. Hakin da aka kwashe kuma aka yi taki da shi, aka ba dabbobi.

Mu ba mu da teku, ba mu da jatan lande mai yi mana aikin. Amma muna da lauje da manjagara. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mai garka ba ya barin tsiron haki ɗaya cikin fangalinsa na salati. Taku goma daga nan, mashigin da ɗiyansa ke wanka ya cika da haki, bai taɓa sa masa hannu ba. In ka tambaye shi sai ya ce tabki na kowa ne. Haka ne. Amma yaron da ya kwanta ciwo, nasa ne shi kaɗai. Shi zai ga ɗansa ya rame, jininsa ya ragu, ya kasa karatu. In ciwon ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Ga mata kuma yana iya taɓa mahaifa.

Wani daga cikinsu ya ce ai ana ba yara magani a lakkol. Gaskiya ne, tun shekara ta 2004 ake rabon ƙwayoyin tsargiya a Nijar, kuma kada kowa ya hana ɗansa sha. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke cikin jiki ne kawai. Yaro ya sha yau, gobe ya koma ruwa ɗaya, ya sake ɗauka.

Ban ce a nome tabki duka ba, wannan ya fi ƙarfin gari guda. Mashigi kawai nake nufi. Masu garka su sa rana, su yi gayya kamar yadda ake yi wa gona. A yi aikin da sassafe, domin tsutsotsin sun fi fitowa in rana ta take. Manya ne za su yi, da dogon takalmin roba da safar hannu, ban da yara. A jawo hakin da manjagara, a tara shi nesa da ruwa. In ya bushe katantanwa ta mutu. A haɗa shi da kashin dabbobi a rami, ya ruɓe ya zama taki. Kacalla kuwa a yanke ta ƙarƙashin ruwa, ba sama ba, kuma a sake yanka in ta tofo. Haki yana komowa, saboda haka aikin ba na sau ɗaya ba ne.

Da zan tashi dattijon ya tambaye ni ko sai an biya kuɗi kafin a duba fitsarin yaro. Na ce masa ya je likita ya tambaya, kuma ya tafi da ƙannen yaron, tun da tabki ɗaya suke shiga.