Patrice Motsepe da rijiyoyin zinaren da manya suka yar

A 1997 farashin zinare ya faɗi warwas, manyan kamfanonin Afirka ta Kudu suna neman kai da tsofaffin ramukan haƙa da ba sa mayar da kuɗin aiki. A lokacin ne Patrice Motsepe, lauya ɗan shekara 35, ya karɓi wasu daga hannun kamfanin AngloGold da sharaɗin zai riƙa biya daga ribar da suka kawo. Ya rage kashe kuɗi a ofis, ya ɗaura ladan ma'aikata a kan abin da aka haƙo, ramukan suka farfaɗo. Daga nan kamfaninsa African Rainbow Minerals ya samo tushe.

Ana yawan cewa da guminsa kaɗai ya tashi. Akwai gaskiya a ciki: yana yaro ya taya mahaifinsa tsaron kanti inda leburorin ma'adinai ke sayayya, kuma kamfaninsa na farko, a 1994, kwangilar share ƙurar zinare yake yi. Amma a faɗi sauran. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, dokokin ƙasar sun tilasta wa kamfanoni shigar da baƙaƙen fata cikin mallaka, Motsepe kuwa yana bakin ƙofa da ilimin shari'a a hannu. Dubban leburorin da suka sauka ramukan ba su samu wannan damar ba.

A 2013 ya yi alƙawarin bayar da rabin dukiyar iyalinsa sadaka. Masoya ƙwallo a Kano da Zinder kuwa sun fi saninsa da shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kujerar da ya hau a 2021.