Taskar Bayanan Lafiya da Shirin Ko-ta-kwana a Yankin Watari

Sanin kowa ne cewa madatsar ruwa ta Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai ta sauya rayuwar ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ta kawo noman rani da kamun kifi, ta kuma kawo abubuwan da ke bin kwantaccen ruwa, wato sauro da tsargiya da haɗarin fito. Idan ba a manta ba, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwan da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. An yi ta magana a kan lodin da ya wuce kima da rashin rigunan kariya, kuma maganar tana kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: cikin waɗanda ke fara isa bakin ruwa a irin wannan rana, mutum nawa suka san taimakon farko da ake yi wa wanda aka tsamo ba ya numfashi?

Wannan ilimi akwai shi a rubuce. Yana nan a ɗakin karatu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da makarantun horar da ma'aikatan lafiya, kuma tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI domin cibiyoyin ƙasashe masu tasowa su riƙa samun mujallun likitanci ta intanet kyauta ko da rahusa. Matsalar ita ce duk wannan yana cikin birni, kuma da Turanci. Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye, wanda shi ne zai fara ganin mai amai da gudawa da tsakar dare, ba ruwansa da mujalla. Abin da yake bukata shi ne takarda guda mai bayyana alamomin cutar, da abin da zai ba majinyaci, da wanda zai sanar kafin gari ya waye.

Tarihin Kano ya isa ya koya mana tsadar rashin bayani. Annobar sanƙarau ta 1996 ta hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. A cikinta ne aka gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, iyaye da dama kuma suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar har zuwa Yulin 2004, cutar kuwa ta samu sararin bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a kansa, ya fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba.

A ganinmu, ɗakin karatun da ya fi muhimmanci ga Watari shi ne rajistar marasa lafiya da ke kowace cibiyar lafiya a matakin farko. A cikinta ake gane watan da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta, da unguwar da gudawa ke fara bayyana duk damina, da ƙauyen da yara ke fitsarin jini. Tsarin sa-ido kan cututtuka da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998 ya tanadi jami'in kai rahoto a kowace ƙaramar hukuma, amma rahoton da ke tafiya sama kawai, ba ya dawowa ga dagaci da mai unguwa, rabin aikinsa ya yi. Ga kuma gara da yoyon rufi, waɗanda kan cinye rajistar shekara goma a damina guda.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bagwai da Bichi da maƙwabtansu da su riƙa zama da jami'an lafiya da masu sarauta da limamai kafin faɗuwar ruwa, da zarar an fitar da hasashen ambaliya na shekara. A ajiye kwafin rajista a sakatariya. A nemi masana ɗakin karatu na asibitin koyarwa su tsamo bayanan da suka dace, malamai su mayar da su Hausa, da boko da ajami, a manna a masallatai da makarantun Islamiyya da mashigar jiragen ruwa. Na farko da ya kamata a manna shi ne haɗin ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti.