Tsatsa Ba Ta San Gidan Sarauta Ba

A tsibirin Borneo akwai wata 'yar ƙasa mai suna Burunai, wadda Allah ya hore wa arzikin man fetur, ta kuma sami 'yancin kanta daga Ingila a 1984. Ƙanen Sarkin ƙasar, Yarima Jefri Bolkiah, wanda ya riƙe ministan kuɗi daga 1986 zuwa 1997, ya yi suna wajen tara motocin alfarma irin su Rolls-Royce da Bentley da Ferrari, waɗansunsu ma musamman aka ƙera wa gidan sarautar. Da kamfaninsa na Amedeo ya durƙushe a 1998, sai kula da motocin ta ja baya.

A 2002 wani dillalin motoci Ba'amurke, Michael Sheehan, ya je ƙasar domin ciniki, daga baya ya rubuta abin da idonsa ya gane masa. Ya ƙiyasta motocin sun kai 2,500. Ya ce ya buɗe wata Rolls-Royce da aka bari da gilasai a rufe, ya tarar zafi ya narkar da soson sitiyarinta ya zubo kan kujera, fumfuna kuma ta lulluɓe cikinta baki ɗaya. Babu ɓarawon da ya taɓa ta, babu hatsarin da ta yi. Iskar wurin ce kurum ta cinye ta.

To, yaya iska ke cin mota? Asirin yana ga laima. Masana suna auna ruwan da iska ke ɗauke da shi da kashi cikin ɗari. Idan ya haura 60, ƙarfe yakan yi saurin tsatsa. Idan ya zarce 70, fumfuna takan sami gindin zama a fatar kujeru da darduma. Burunai kuwa ƙasa ce ta ruwan sama da gumi duk shekara, inda laima kan kai 80 ko fiye. Bushewa ma ba lafiya ba ce, gama fata da katako sukan tsattsage, kamar yadda ƙafa ke faso da hunturu. Saboda haka masu adana motoci suke tsayar da laimar gareji tsakanin 40 da 55, da taimakon injin da ke tsotse ruwa daga iska ya zubar waje.

Na biyu shi ne daidaituwar zafi. Idan ɗaki ya yi sanyi da dare, sa'an nan iska mai ɗumi ta shigo da hantsi, raɓa takan kwanta a jikin ƙarfe, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi. Wannan raɓa tana shiga lunguna da ido ba ya kaiwa, cikin ƙofofi da salansa da mahaɗar wayoyi. Wato kunna na'urar sanyaya ɗaki yau, a kashe ta gobe, yana iya fin rashinta ɓarna.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne mafitar iska, domin nan rai ne a ciki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa yana jiran tartsatsi, don haka ake sa fankar zuƙo shi kusa da daɓe. Hayaƙin inji kuma yana ɗauke da wata guba marar launi, marar wari, wadda ke iya kashe mutum a rufaffen gareji cikin ɗan lokaci.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen attajirai ne kaɗai. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, Ikko, akwai Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ba kuɗi ne darajarta ba, kuma babu inda za a sayo wata. Ikko kuwa bakin teku ce, iskarta da laima da gishiri. Irin wannan amana tana bukatar wuta mai tsayawa, da ma'auni a bango, da ma'aikacin da zai duba shi kullum.

Mai kuɗi yana iya sayen mota a yini ɗaya. Riƙonta kuwa aikin kowace safiya ne, kuma tsatsa ba ta zuwa hutu. Allah ya sa a gyara.