Tutar Wa Muke Yi Wa Tafi?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A wani gidan kallo a nan Hunkuyi na fara kallon Lagaan, fim ɗin Aamir Khan na 2001. Duk cikinmu babu wanda ya san dokar wasan kurket, amma da Bhuvan ya buga ƙwallon ƙarshe, sai da benci ya karye don tsalle. Labarin manoma ne a 1893, fari ya kama su, Baturen mulki ya ce su kara da shi a wasa: in sun ci an yafe musu harajin shekara uku, in an ci su su biya ninki uku. Wanda kakansa ya biya haraji da jangali a ƙasar Zazzau ai ba ya bukatar tafinta.

Sai daga baya na gane ba wasa aka nuna mana ba, Indiya aka nuna mana. Dubi 'yan wasan ƙauyen: ga Hindu, ga Musulmi, ga Sikh, ga Kachra da ake ƙyamar taɓawa. Tuta ce aka ɗinka da mutane.

Haka fim ɗin wasanni yake. Yakan gaya maka su wane ne 'yan ƙasa, kuma wane ne abokin gaba. A Rocky IV na 1985, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka ce ta naushi Tarayyar Sobiyat, Stallone ɗan aike ne kawai. A Chak De! India na 2007, Shah Rukh Khan ya fito a Kabir Khan, Musulmin da aka zarga da sayar wa Pakistan wasa, kuma ba a wanke shi ba sai da ya ciyo kofin duniya. Mun tafa, amma ba mu tambaya ba: da bai ci kofin ba fa?

Invictus na 2009 ya nuna Mandela sanye da rigar ƙungiyar zari-ruga ta ƙasarsa a 1995, rigar da baƙar fata suka daɗe suna kallo a matsayin alamar wariya. A nan namu labarin ya shigo. A Nuwamban wannan shekarar gwamnatin Janar Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, Mandela ya yi tir, Nijeriya ta ƙaurace wa gasar kofin Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu alhali ita ke riƙe da kofin. Bayan 'yan watanni, a gasar Olympics ta Atlanta, yaranmu suka farke Brazil daga 3-1 zuwa 4-3, suka doke Ajantina 3-2 suka ɗauki zinare. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun nan Babayaro da Amokachi suka ci, duk 'yan Kaduna, ga Garba Lawal da Tijjani Babangida a tawagar.

Ga labari har labari. Kirana ga marubutanmu da 'yan fim ɗin Kano shi ne, ranar da za ku ɗauke shi, kada ku mai da shi waƙar fada. Ku nuna daren da Musulmi da Kirista suka rungumi juna a titi, amma ku nuna kofin Afirkan da siyasa ta hana yaran nan karewa. Kishin ƙasar da ke ɓoye rabin gaskiya roƙo ne, kuma maroƙa ba su yi mana kaɗan ba.

Ni ban ce a daina kallo ba, gobe ma in an sa Lagaan zan zauna. Amma kafin ka tafa, ɗan'uwa, ka duba tutar da aka ɗaga da kuma hannun da ya ɗaga ta. Wanda ya biya makaɗi ai shi ake yi wa kirari.

Allah Ya sa mu gane. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.