Sharhi: Makomar masu digirin digirgir a wajen jami'a

A garuruwa irin su Gawu Babangida, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara a Jihar Neja, an saba ɗauka cewa duk wanda ya kammala digirin digirgir koyarwa zai yi, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ko a Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai. Sai dai guraben koyarwa ba su da yawa, kuma yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022 ya rage wa aikin farin jini.

Jihar tana da abin koyi a gida. Dokta Mu'azu Babangida Aliyu ya yi digirinsa na digirgir a Jami'ar Strathclyde ta Birtaniya, ya yi aikin gwamnatin tarayya har ya kai matsayin babban sakatare, sannan ya mulki Neja daga 2007 zuwa 2015.

Amma takardar shaida ita kaɗai ba ta ba da aiki. A 2012, Alhaji Aliko Dangote ya bayyana cewa masu digirin digirgir shida na cikin waɗanda suka nemi aikin tuƙin manyan motoci a kamfaninsa.

Ma'aikatu da kamfanoni suna neman wanda zai tantance alƙaluma, ya rubuta rahoto a taƙaice, ya tafiyar da kasafi. Muddin jami'o'i ba su haɗa ɗalibansu da irin waɗannan wurare tun suna tsakiyar bincike ba, iyalan da suka ɗauki nauyin karatun za su daɗe suna jiran amfaninsa.