Kafin Ka Biya Kuɗin Gida

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina lura da yadda kalmar "mallaka" take yaudarar masu sayen gida a ƙasar nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abin da muke kira takardar mallaka izinin zama ne, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya hana a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. To, mu 'yan boko masu taƙama da digiri, mutum nawa ne cikinmu suke neman abin da ya wuce takardar dillali da sa hannun mai unguwa?

Shawarata, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka binciki fayil ɗin gidan a KANGIS in a Kano yake, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja. A can ake gano gidan da aka ci bashin banki da shi.

Gidan gado ya fi kowanne rikici. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata, komai zaƙin bakinsa. Nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu. Mai sayarwa kuwa ya yanke la'ada da dillali tun farko, a rubuce, ya kuma karɓi kuɗinsa ta banki.